Ƙarin kuɗin ruwa da wuta a Jidda da Makka: wa ke biyan kuɗin bututu da magudana?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa da dama sun nemi a buɗe zance a kan faturar ruwa da ta wuta, wato takardar kuɗin da ake biya, tun da zafi ya kankama kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana. Tambayar da aka fi maimaitawa ita ce, shin kuɗin da aka ƙara mana tun daga 2016 su ne ake zubawa a aikin bututu da magudanan unguwanninmu, kuma shin baladiyya, wato hukumar kula da gari, tana da ta cewa a cikin lamarin? Ina roƙon kowa ya tsaya a kan batun, ya kawo abin da ya tabbatar, kada a kama sunan kowa da zargi.

Akanta, Jidda:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga gardama, ya kamata a ajiye lissafin a gaban kowa, domin sau da yawa muna cewa an ƙara kuɗi ba tare da mun san a ina ƙarin ya fi sauka ba.

A ɓangaren wuta, tsarin da aka fara aiki da shi a farkon 2016 ya sa halala 5 (halala 100 ne riyal ɗaya) a kan kowane kilowat na 2,000 ɗin farko a wata, halala 10 daga nan zuwa 4,000, halala 20 zuwa 6,000, sannan halala 30 ga abin da ya haura. A Janairun 2018 aka haɗe matakai ukun farko aka mayar da su halala 18, aka bar na sama a kan halala 30. Wannan na nufin gidan da ke shan kilowat 3,000 a watan zafi, wanda a da yake biyan riyal 200, ya koma biyan riyal 540, kuma da aka ɗaga harajin saye daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, faturarsa ta kai riyal 621, ban da kuɗin mita. Abin lura shi ne, farashin matakin ƙasa ya ninka fiye da sau uku, na tsakanin 4,000 da 6,000 ya ɗan ragu, na can sama kuwa bai motsa ba.

A ɓangaren ruwa kuma, a da kubik 50 na farko halala 10 ne kowanne. Sabon tsarin ya bar halala 10 ga kubik 15 na farko kawai, sannan riyal 1 zuwa kubik 30, riyal 3 zuwa 45, riyal 4 zuwa 60, riyal 6 ga abin da ya wuce haka, kuma wanda gidansa ke haɗe da bututun ruwan ƙazanta ana ɗora masa rabin wannan kuɗi a kai. Kubik ɗaya lita 1,000 ne. Iyalin da ke shan kubik 40 a wata, waɗanda a da riyal 4 ke isar su, yanzu suna biyan riyal 46.5 na ruwa kaɗai, kusan riyal 70 idan an haɗa da na ƙazanta.

Dattijo daga Makka:
Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka fayyace lissafi. Sai dai ni ina da wani lissafin da ba na takarda ba. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan a ƙafa ta hanyar Sudan, da yawansu sana'ar ɗaukar ruwa suka fara yi. Mutum zai je bazan, wato wurin ɗibar ruwa na unguwa, tun da asuba ya bi layi, ya cika garwa biyu, ya rataye su a sanda ya saɓa a kafaɗa, ya hau da su duwatsun Makka gida gida, kuma kanta da ke kafaɗun waɗannan bayin Allah ba ta gogewa har su koma ga Ubangiji. A wancan zamani kowa ya san ruwa kuɗi ne, domin yana ganin gumin wanda ya kawo shi. Da famfo ya shigo ɗaki, kuma gwamnati ta ɗauke nauyin, sai muka wayi gari ana wanke mota da tsakar gida da tiyo a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara.

Ruwan da muke sha a Makka daga Bahar Maliya yake. A Shu'aiba ake cire masa gishiri da wuta mai yawa, a turo shi cikin bututu zuwa Jidda da Makka, har a haura da shi tsaunin Ɗa'ifa. Duk mai hankali ya san halala 10 ba ta biyan wannan aiki. Saboda haka ni ban ga aibin ƙarin ba, ko da yake ni ma yana taɓa aljihuna.

Malamar makaranta, Jidda:
Baba, Allah ya ƙara girma, babu wanda zai musanta abin da ka faɗa game da almubazzaranci. Amma ina so a duba wanda aka ladabtar da wanda aka ƙyale. Mai tiyo da lambu da wurin ninkaya a gidansa, riyal 6 a kubik ba ta hana shi barci. Wanda ya ji jiki shi ne gidan da mutum goma sha biyu ke zaune a ɗaki uku, domin matakan nan da akanta ya lissafa ba sa tambayar mutum nawa ne a gidan, abin da mita ta nuna kawai suke gani. Mu kuwa, kamar yadda Baba ya sani, gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi: ga surukai, ga marayun ɗan'uwa, ga wanda ya zo Umra ya sauka mako biyu. Babban iyali yana hawa matakin riyal 3 da na riyal 4 ba don ɓarna ba, sai don wanka da wanki da alwala.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa a tsakaninmu saboda kara, amma tilas a faɗe shi. Lokacin da aka yi ƙarin 2018, gwamnati ta fara biyan tallafin Asusun Ɗan Ƙasa tun daga Disambar 2017 domin rage wa masu ƙaramin ƙarfi raɗaɗi, kuma wannan tsari ne mai ma'ana. Sai dai Hausawan ƙasar nan kashi biyu ne. Akwai 'yan ƙasa, akwai mu masu iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda wasunmu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Mai iƙama yana biyan farashin wuta da ruwa daidai da maƙwabcinsa, ba ya cikin wancan tallafi, sannan ga kuɗin iyali da aka fara karɓa a Yulin 2017 a kan riyal 100 ga kowane mutum a wata, wanda ya kai riyal 400 a 2020. Ba ina ƙorafi a kan dokar ƙasa ba ne. Ina nuna cewa fatura ɗaya ce, amma nauyinta ba ɗaya ba ne a gidaje biyu masu katanga ɗaya.

Dattijo daga Makka:
'Yata, wannan gaskiya ce, kuma a cikin jikokina akwai masu wannan hali da masu wancan. Ban janye maganata a kan ɓarna ba, amma na karɓi taki a kan yawan iyali.

Tsohon ma'aikacin baladiyya:
Ina so in amsa tambayar mai kula da zaure kai tsaye, domin na ga an fara nisa da ita. Baladiyya ba ta yanke farashin ruwa ko na wuta, kuma kuɗin fatura ba sa shiga asusunta. Majalisar ministoci ce ke amincewa da farashi ga ƙasa baki ɗaya, shi ya sa mazaunin Jidda da na Tabuka suke biyan halala 18 ɗaya. Kuɗin ruwa suna tafiya ga kamfanin ruwa na ƙasa da aka kafa a 2008, wanda ke kula da bututun sha da na ƙazanta. Kuɗin wuta suna tafiya ga kamfanin lantarki. Magudanan ruwan sama, da kwalta, da fitilun titi, da kwashe shara, su ne aikin baladiyya, kuma mafi yawan kuɗinsu daga kasafin gwamnati suke fitowa, sai ɗan abin da take tarawa ta lasisin shaguna da tara da hayar filayenta.

Saboda haka wanda ya ce an ƙara masa kuɗin ruwa amma titinsu yana cika idan an yi ruwan sama, ya haɗa aljihu biyu da ba su haɗu ba. Majalisun baladiyya da aka fara zaɓen rabin kujerunsu a 2005, aka sake a 2011, sannan a 2015 aka kai kashi biyu cikin uku kuma mata suka shiga a karon farko, aikinsu a lokacin shi ne duba kasafin baladiyya da bin diddigin ayyukanta. A wancan lokacin suna iya matsa lamba a kan wace unguwa za a fara yi wa magudana, amma ba su taɓa samun hannu a farashin kilowat ba.

Dalilin ƙarin kuma ba ɓoyayye ba ne. Farashin mai ya faɗi daga tsakiyar 2014, kasafin 2015 ya fita da giɓin riyal biliyan 367, sai aka fara janye tallafi a hankali. Kuma ba daidai ba ne a ce ba a jin kukan jama'a, domin bayan koke-koken da suka biyo bayan faturar ruwa ta farko an sauke ministan ruwa da lantarki, Abdullahi al-Husayyin, a Afrilun 2016, sannan a wata mai bi aka rushe ma'aikatar aka rarraba ayyukanta.

Malamar makaranta, Jidda:
Kawu, na gode da wannan bayani, sai dai ya ƙara mini ƙarfin hujja ne. Idan mai karɓar kuɗi daban, mai haƙa magudana daban, mai yanke farashi daban, to talakan da ke riƙe da fatura a hannunsa ba shi da hanyar ganin abin da kuɗinsa suka gina. An sauke minista, amma matakan farashin suna nan yadda aka sa su. Mutum yana iya haƙuri da ƙari idan an nuna masa cewa kaza daga cikin abin da ya biya ya tafi ga sabon bututun unguwa kaza, wanda za a gama a wata kaza.

Tsohon ma'aikacin baladiyya:
Malama, a kan buƙatar a riƙa bayyana wa jama'a ina tare da ke. Inda na saɓa da ke shi ne tunanin cewa fatura za ta iya gina manyan ayyuka. Ki tuna ranar Laraba 25 ga Nuwamban 2009, ranar da alhazai ke fita Mina. Ruwa ya sauko daga kwarurrukan gabashin Jidda ya afka wa Ƙuwaiza da unguwannin hanyar Makka ta da, ya tara motoci a kan juna, mutum fiye da 120 suka rasu. Sarki Abdullahi ya sa a yi bincike a ƙarƙashin gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal, ya kuma ba da umarnin a biya iyalin kowane mamaci riyal miliyan ɗaya. A lokacin ne hankalin kowa ya tashi a kan tafkin ƙazantar da ke gabashin gari, inda tankoki suka shekara da shekaru suna juye abin da suka zuƙo daga ramukan gidaje, ana tsoron kada ya ɓalle. A 2010 aka ƙafar da shi. Ruwa ya sake yin ɓarna a Janairun 2011, sannan aka gina madatsu da manyan hanyoyin ruwa a bakin kwarurrukan.

Duk wannan an yi shi ne kafin a ƙara wa kowa halala ɗaya, daga baitulmali. Kuma da ruwan 24 ga Nuwamban 2022 ya zo, wanda aka auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari, ya fi na 2009 yawa, tituna da hanyoyin ƙarƙashin gada sun cika, amma rasuwar da aka sanar mutum biyu ce. Madatsun sun tare ruwan dutse. Abin da ya rage shi ne ƙananan magudana na cikin unguwa, kuma aiki ne da ba a gama shi a shekara ɗaya ko biyu a gari mai faɗin Jidda. Faturar gidaje, ko an ninka ta, abin da za ta iya shi ne taimakawa wajen gudanarwa da gyara.

Mai gyaran famfo, Jidda:
Ina neman izinin manya in sa baki, domin ni aikina a cikin tankunan mutane yake. Yawancin faturar da ake kira na a kanta, ba farashi ne ya kumbura ta ba, abu biyu ne.

Na farko yoyo. Kusan kowane bene a Jidda yana da tankin ƙasa da na sama, saboda a wurare da yawa ba kullum ake sako ruwa ba. Tankin ƙasa na siminti idan ya tsufa yakan tsage, ko kuma ƙwallon da ke rufe bakin bututu idan tanki ya cika ta lalace, sai ruwa ya yi ta shiga yana zurarewa cikin ƙasa, mita tana juyawa, babu wanda ya gani. A zamanin halala 10 babu mai damuwa. Yanzu duk abin da ya zurare a matakin riyal 6 ake lissafa shi. Gwajin ba shi da wuya: a cika tankin, a rufe shiga da fita, a yi alama a bango daidai bakin ruwa, a dawo da safe a duba. Haka nan tankin bayan gida, a ɗiga masa ɗan shuɗi a jira. Idan launin ya sauko cikin masai ba a ja ba, to yana yoyo.

Na biyu shi ne yawan gidajen da aka rubuta a kan mita. Bene mai gida shida da mita ɗaya, idan a rajista gida ɗaya aka sani, to duk ruwan gidajen shida a kan matakan gida ɗaya zai hau. Akanta ya fi ni iya fitar da lambar.

Akanta, Jidda:
Ga ta nan. A ɗauka benen ya sha kubik 180 a wata. Idan an lissafa shi a matsayin gida ɗaya, kubik 120 daga ciki za su faɗa matakin riyal 6, jimillar ruwa kaɗai ta zama riyal 841.5. Idan kuwa an rubuta gida shida, kowanne kubik 30 ke nan, riyal 16.5, jimilla riyal 99. Ruwa ɗaya, bututu ɗaya, amma bambancin ya haura ninki takwas. Wannan ya fi taɓa mutanenmu, domin mu ne muka fi zama a tsofaffin gidajen da aka yanka aka ƙara ɗakuna a sama, ko aka raba gida ɗaya gida uku da katangar bulo, alhali takardun ginin ba su canza ba.

Mai gidan haya, Makka:
Tun da an zo kan masu gida, bari in kare kaina da ire-irena. Ana yawan zarginmu da cewa muna raba fatura a kan 'yan haya ba tare da nuna musu takarda ba, kuma na yarda akwai masu yin haka, ba na goyon bayansu. Amma gyara rajistar nan ba a hannunmu kaɗai yake ba. Gidan da aka gada daga kaka, magada sun kai ashirin, wasu suna Kano wasu suna Madani ta Sudan, ƙarin ɗakunan da aka yi ba su cikin lasisin gini, yaya za a yi a rubuta shi gida shida? Wanda ya je neman gyara yana tsoron ya tono wa kansa tara. Shi ya sa wasu suka gwammace su yi shiru su raba kuɗin.

Malamar makaranta, Jidda:
Alhaji, to ai ka ga inda nauyin ya sauka. Mai gida ya kauce wa tara, ɗan haya ya biya matakin riyal 6 a kan ruwan da haƙƙinsa riyal 1 ne. Mafi ƙarancin adalci shi ne a manna faturar a ƙofar shiga kowa ya karanta, kuma idan rashin gyaran takarda ne ya jawo ƙarin, mai gida ya ɗauki bambancin ko ya rage shi daga kuɗin haya.

Mai gidan haya, Makka:
Manna fatura na amince da shi, kuma ina yi. Ɗaukar bambancin gaba ɗaya kuwa sai an zauna, domin idan na ɗauka, a ƙarshen shekara cikin kuɗin haya zai dawo, kuma ke ma kin san haka.

Direban tankin ruwa:
Ranku ya daɗe, duk wannan magana ta masu mita ce. Akwai waɗanda da za su samu faturar da kuke kuka da ita, da sun yi murna. Tun da aka rushe tsofaffin unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, irin su Gulail da Karantina da Sabil da Bitrumin, inda mutanenmu suka fi yawa, jama'a sun watsu zuwa gefen gari neman haya mai sauƙi, kuma a wasu wuraren bututu bai kai ba tukuna. Can sai an sayi ruwa a tanki, sannan a sake biyan wata motar ta zuƙe ramin ƙazanta idan ya cika. Ina kai ruwa gidajen da uwar gida ke tsayawa a bakin tankin ƙasa da sanda tana auna abin da ya rage, tana lissafin ko zai kai su ƙarshen mako. Wanda bai da bututu ya fi mai bututu biya a kan kowane kubik, kuma shi babu matakin halala 10 a gare shi. Tambayata ga Kawu ita ce, wa ya kamata ya biya kuɗin kai musu bututun?

Tsohon ma'aikacin baladiyya:
Tambayarka ita ce mafi nauyi a zancen nan, ɗana. A ganina hanya uku ce kawai: baitulmali, ko faturar waɗanda suka riga suka samu, ko masu filayen da bututun zai ɗaga wa daraja. Ni na fi karkata ga ta uku. Jidda ta miƙe arewa da kudu ne alhali a tsakiyarta akwai manyan filaye da aka killace aka bar su shekaru ana jiran su yi tsada, sai bututu da waya da kwalta su zagaye su su yi tafiya mai nisa kafin su isa ga mutane. Dokar harajin filayen da ba a gina ba, wadda aka amince da ita a ƙarshen 2015 a kan kashi 2.5 cikin ɗari na darajar fili a shekara, aka fara da Riyad da Jidda da Dammam, ta tanadi a kashe kuɗin a kan gidaje da kai musu ruwa da wuta. A nan ne nake ganin ya dace a nemi kuɗin sabon bututu, a bar fatura ta riƙe gyaran tsohon.

Akanta, Jidda:
Kawu, na yarda da rabon, amma da sharaɗi ɗaya. Harajin fili yana raguwa ne idan ya yi aikinsa, domin duk filin da aka gina ya fita daga cikinsa, alhali bututun da aka shimfiɗa yau zai nemi gyara shekara talatin masu zuwa, kuma duk sabuwar unguwa ƙarin famfunan turawa ne da ƙarin wuta. Saboda haka ko an gina da kuɗin fili, nauyin riƙewa zai dawo kan fatura, kuma a lokacin tambayar Malama za ta sake tasowa: a lissafa matakan a kan mita, ko a kan yawan mutanen da ke bayan mitar? Kubik 15 a wata lita 500 ne a rana. Ga mutum uku ya wadata, ga mutum goma sha biyu kuwa kowa bai samu lita 42 ba, wanka da wanki da girki duk a ciki.

Direban tankin ruwa:
Kafin a kai ga wannan, ina ba waɗanda ke neman haya a gefen gari shawara su tambayi mai gida abu biyu tun ba su sa hannu ba: ko gidan yana haɗe da bututun sha da na ƙazanta, da kuma wanda zai riƙa biyan motar ruwa da motar zuƙa. A rubuta amsar a cikin takardar haya, domin na sha tsayawa da mota cike a ƙofar gida ina jira, mai gida da ɗan haya suna waya kowa yana cewa ba shi ne zai biya ba.